Nuna Min Goma

Zuwa ga Abba, daga Ummanka.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a masaukinka na Kaduna, ka yi sallah, ka ci abinci, gajiyar hanya ta sake ka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare hannuwanka biyu. Na sa takardar a jakarka ƙarƙashin gwangwanin yaji don na san shi za ka fara nema. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji shida na tsaya. Kai ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma saba zaunar da kai mu yi doguwar magana ba. Sau uku a makon nan na zo bakin ɗakinka da niyyar faɗa maka abin da ke cikin takardar nan, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko ka ɗauki bargo.

Bayan sadakar arba'in ɗin Babanka da 'yan kwanaki na gane abin da ya faru, ko kuma na fara ganewa. Ina haɗa kayansa ne da hantsi, sai na jawo baƙar ledar da amininsa Malam Bukar ya kawo daga asibiti. Tun ranar da aka kawo ta na tura ta ƙarƙashin gado ban buɗe ba. Babbar rigarsa ce, farar shaddar nan ta Juma'a. Jini na san zan gani, kuma na gani. Amma a hannun rigar na hagu akwai wani layi baƙi na man inji, miƙaƙƙe sak, ya danne yadin kamar an bi da dutsen guga, ƙarshensa a yage. Ni na goge rigar nan da hannuna a safiyar ranar. Ban yi wannan karin ba. Na daɗe ina kallon layin kafin kaina ya ɗauka: da rigar a jikinsa ya tsaya gaban injin lanƙwasa ƙarfe. Ko da na isa asibiti ranar, da singileti na same shi, sai na ɗauka ya cire ta ya rataye kafin ya fara aiki. Babu wanda ya gaya min, shi ma bai gaya min ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce sarƙa ce ta zame, tsautsayi ne.

Daga nan na tuna inda kayan aikinsa suke a wannan rana. Suna kan igiya a tsakar gida, suna ɗigar ruwa.

Bari in faɗa maka daga farko, ko da yake har yanzu ban san inda farkon yake ba. Ka san indararon bayan ɗakina ya ruɓe tun damina biyu da suka wuce, ruwa yana bin katanga yana cin ƙasar. Na yi magana har na gaji. Ranar Juma'ar nan ya dawo daga masallaci, na kawo masa shinkafa da wake, ga hadari ya haɗo ta gabas. Na ce masa babu gidan da bai yi wa indararo ba daga Gwale har Jakara, sai nasa. Ya yi dariya ya ce, “In katangar ta faɗi ai mun samu iska, Hajiya, kin huta da fifita.” Ban yi dariya ba. Na ɗauke kwanon tun bai gama suɗe hannu ba, na shige ɗaki. Sai ya leƙo ya ce fallen ƙarfe ɗaya ne zai je shago ya lanƙwasa, kafin La'asar ya dawo. Ya tambayi kayan aikinsa, na ce a jiƙe suke. Ranar Alhamis na saba wanke su, amma mai ruwa bai zo ba sai na bari sai safiyar Juma'a, tunda a sanina babu mai buɗe shago ranar. Ya ce ba komai. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ni na aike shi, Abba. Ban ce masa tafi ba, amma shekara ashirin da shida muna tare, ya san abin da ɗauke kwano yake nufi.

To ga abin da zan ce maka a kan wannan. Kada ka tsaya gaban inji don wani ya yi fushi da kai. Ko maigidanka ne, ko mai kaya yana tsaye yana duba agogo, ko matar da za ka aura, ko ni. Fushin mutum yana hucewa kafin Magariba. Nawa ma kafin La'asar ya huce, har na ɗumama masa sauran abincin na rufe. In aka ce maka falle ɗaya ne, a nan za ka fi jin tsoro, don mutum ba ya canza riga saboda falle ɗaya, ba ya kiran abokin aiki saboda falle ɗaya. In kayan aikinka a jiƙe suke, ka sa su a jiƙe, ko ka bar aikin. Riga mai faɗin hannu, da zobe, da agogo, da carbin da kake naɗawa a wuyan hannu, duk ka cire su ka zuba a aljihun jaka tun daga ƙofa. Zoben azurfar nan na Babanka da na ba ka, na ba ka ne don ranar Juma'a da ranar sallah. Yanzu ma ina tunanin ko bai kamata in ba ka ba.

Ka tuna abin da yake ce muku a shago kafin a sauke bakin injin? “Nuna min goma.” Wanda ya riƙe falle sai ya sake shi ya ɗaga tafukansa biyu sama kamar mai addu'a, Babanka ya ƙirga yatsun da ido, sannan ya ja hannun injin. Ko Malam Bukar da furfurarsa sai ya ɗaga. A gida ma haka yake yi muku kai da ƙanwarka Hadiza in zai rufe akwatin ƙarfe ko ƙofar soro. Ni kuwa dariya nake masa. Na taɓa ce masa a gaban baƙi ya cika tsirfa, ko liman ba ya sa mutane ɗaga hannu kamar shi. Ya ce liman rayuka yake tsaro, shi yatsu, kuma yatsun sun fi saurin tafiya. Wannan ma kuskurena ne. Na mayar da abin wasa, har ku ma kuka riƙa yi masa dariya a kai. Ranar Juma'ar nan shi kaɗai ne a shago. Babu wanda zai ce masa ya nuna goma. Mutumin da ya ƙirga yatsun kowa a Ƙofar Wambai, nasa babu mai ƙirgawa.

Don haka kada ka yi aikin nan kai kaɗai a cikin shago, ko da ka iya. In ku biyu ne, ka ga hannun ɗan'uwanka da idonka kafin ƙarfe ya sauko, kada ka wadatu da jin ya ce to. In sun yi maka dariya a can, su ce ɗan Kano ya zo da sabon salo, ka bar su su yi. Ni na riga su.

Da na fita takaba na sa hijabi na tafi shagon. Ban taɓa shiga ciki ba sai ranar, iyakata bakin titi in aika a kira min Babanka. Malam Bukar ya gan ni ya miƙe, sai ya koma wasan da ya saba yi min na Barebari da Fulani, ya ce yau Bafillatana ta bar nono ta zo koyon ƙarfe. Na ce masa ya nuna min injin kawai. Ya daina dariya ya nuna min.

Ashe abin ba shi da yawa. Dogon ƙarfe mai nauyi a sama da ke saukowa ya danne falle, wani a ƙasa da ake ɗagowa ya lanƙwasa shi, sai hannu na ja, sai wani curin ƙarfe a baya da ke lilo in an ja. Ya ce ko curin nan ya taɓa fasa wa wani goshi, shi ya sa ba a barin kowa ya tsaya a bayansa. Ya nuna min sarƙar. Ya ce asali akwai wani makulli da ke riƙe ƙarfen sama in an ɗaga shi, ya cinye tun kana firamare, sai Babanka ya ɗaura sarƙa da ƙugiya kafin a gyara. Kafin a gyaran nan ne ya kai shekarun nan duka. Sai na tuna sau nawa Babanka ya ce min a kan tabarma zai tsayar da aiki kwana biyu ya gyara injin, ni kuma in ce ya bari sai bayan sallah, sai bayan bikin wance, sai an gama aikin ƙofofin masallaci. Ban san abin da nake ɗagawa ba. Ban tambaya ba.

Na ce wa Malam Bukar ya gaya min gaskiya yadda aka yi. Ya ce shi bai gani ba, ƙarar ya ji daga rumfar mai shayi ya rugo. A ganinsa Babanka ya saɓa rigar a kafaɗa, ya sunkuya ya sa hannun hagu ƙarƙashin ƙarfen yana daidaita falle da layin da ya zana, rigar ta zamo ta kama sarƙar ta fizge ta daga ƙugiya. Na ce to ko dama sarƙar ba ta zauna daidai ba? Ya ce mai yiwuwa. Na ce to wanne ne? Ya ce, “Maman Abba, wallahi ban sani ba. Ko ɗaya ya isa.” Na dawo gida kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na fita. Wata rana in wayi gari na tabbata rigar ce. Kafin azahar in ce a'a, sarƙar ce, ko da singileti yake sai ta sauko. Wata rana in ce laifinsa ne, shi da ya fi kowa sani, me ya kai hannunsa ƙarƙashi alhali ga sandar da yake hana ku tura falle sai da ita tana jingine a gefe? Sai in yi istigfari, don ban san ko ya halatta in ji haushin mamaci ba. Na tambayi malamarmu ta islamiyya, ta ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda da wannan, wallahi na yarda. Amma shi ma ya yarda da ƙaddara, kuma bai fasa ƙirga yatsu ba.

An ce min injin da za ka yi aiki da shi a can na lantarki ne, da ƙafa ake taka shi, kuma ba ya jiran kowa. Ban san shi ba, ba zan yi maka ƙaryar na sani ba. Abin da Malam Bukar ya ce in gaya maka shi ne: duk abin kariya da ka tarar a jikinsa kada ka yarda a cire don aiki ya yi sauri. Ƙafarka kada ta zauna kan abin takawa in hannunka yana kusa da baki. In za ka gyara wani abu ko ka ciro guntun ƙarfe daga ciki, ka kashe shi daga tushe, ka tokare ƙarfen sama da katako. In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ka kashe shi nan take, don wutar ba ta sallama in za ta dawo. Safar hannu don ɗaukar falle ce saboda kaifin gefensa, amma ka kula kada bakin injin ya kama ta. Ni kuma abin da zan ƙara nawa ne: in ka ga abu an ɗaure shi da waya ko sarƙa an ce kafin a gyara, ka tambaya tun yaushe. In sun yi shiru, ka san irin namu ne. Kuma ka bar wayar nan a jaka. In na kira ba ka ɗauka ba, ba zan yi fushi ba, zan san kana aiki.

Injin yatsu uku ya ci. Ba shi ya kashe shi ba, ka san wannan, amma ba ka san duka ba. Da aka sallame shi daga asibiti an ce a riƙa kawo shi wankin ciwo, an kuma ja kunnenmu saboda ciwon sugansa. Sau biyu muka je. A na uku ya zauna bakin gado da hularsa a hannu ya ce ba zai iya sake ratsa unguwa ana yi masa sannu ba. Ya ce jiya wani tsohon ma'aikacinsa ya gan shi ya kau da kai don kada ya kalli hannun. Na ji tausayinsa. Kuma, in faɗi gaskiya, ina jin nauyinsa, duk abin da ya ce a kwanakin nan to nake cewa, don ina ganin ni na jawo. Sai na ce zan riƙa wanke masa a gida. Na yi da ruwan ɗumi da gishiri, na sa zuma kamar yadda wata maƙwabciya ta ce. Da kake tambaya ko mun je asibiti, cewa nake an ce sai wani mako. Da ciwon ya fara wari na ƙara turaren wuta a ɗakin. Na san warin ba na lafiya ba ne. Hancina ya sani, ni ce na ƙi sani. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi kuka ɗauke shi kai da Malam Bukar, likitar ta buɗe hannun, ta dube ni ta tambaya kwana nawa ke nan. Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi min.

Abba, in ƙarfe ya yanke ka, ko yaya yankan yake, ka je a duba a ranar, a yi maka allurar da ake yi. In an ce ka dawo, ka koma. Kunya ba ta warkar da ciwo. In kuma wani naka ne ya ji ciwo ya ce ba zai je ba, ka ɓata masa rai ka kai shi. Na iya ɗauke kwano a kan indararo, amma na kasa ɗaga murya a kan hannunsa. Har yau ban gane wannan ba.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin takardar. Ranar sadakar uku ina bayan labulen soro, na ji ka kana gaya wa Malam Bukar cewa kai ka rufe shago ranar Alhamis, kana sauri za ka kallon ƙwallo, ka bar ƙarfen sama a rataye da sarƙa maimakon ka sauke shi kan katako yadda aka koya maka. Ka ce ba ka tuna ko ka zaunar da ƙugiyar daidai ba. Ka ce, “Baba Bukar, ni na kashe shi.” Ina tsaye, tsakanina da kai labule ne kawai. Da na ɗaga shi na ce maka ni na aike shi, da ba ka kwashe watannin nan kana cin abinci kamar mai shan magani ba. Ban ɗaga ba. Na ce wa kaina kunyar ɗan fari ce. Ba ita ba ce. Tsoro na ji kada ka dube ni da irin idon da kake duban kanka. Na bar ka da kayan da rabinsa nawa ne, ko fiye da rabi.

Na san ba don albashi za ka Kaduna ba. Shagon Babanka yana nan, aiki yana zuwa, amma tun ranar ba ka sake taka ƙofarsa ba. Ban hana ka tafiya ba, kuma ba na cewa ka dawo. Abin da nake tsoro shi ne ka tsaya gaban wancan injin hankalinka yana kan wannan. Mutumin da yake ganin ya cancanci hukunci ba ya janye hannunsa da sauri. Na ga haka a Babanka a kwanakinsa na ƙarshe, na kuma gani a kaina.

Ba zan ce maka ba ka yi kuskure ba, don ban sani ba, kuma in na faɗa ba za ka yarda ba. Wataƙila ka bar ƙugiyar a karkace. Amma wanda ya zo ya tarar da ita ya fi ka sanin a duba. Rigar ni na sa ya tafi da ita. Sarƙar ta girme wa gemunka. Zumar ni na shafa. Na jera su na sake jerawa, na kasa gane wanne ne ya fi nauyi. Abin da na sani shi ne ana gobe zai rasu, da azahar, hankalinsa ya ɗan dawo, ka shigo ka tsuguna ka gaishe shi ka fita. Ya bi ka da kallo, sannan ya ce min, “Yaron nan hannunsa ya fi nawa kyau a layi. Kada ki bari ya bar ƙarfe.” Bai ambaci sarƙa ba. Ni ma bai ambaci kwano ba. Ban san ko yafewa ce ko mantuwa ba, na ɗauke ta a yafewa, kai ma ka ɗauka.

In ka zo hutun sallah, kafin ka tsuguna gaishe ni, ka tsaya a bakin ƙofar ɗakina ka nuna min goma. Ba zan yi dariya ba. Zan ƙirga.

Hadiza tana gaishe ka, ta ce dambun naman kada ka rabar da shi duka a rana ɗaya. Ka gaida maigidan naka da mutanen masaukinka. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka sa Babanka a addu'a, ni ma ka sa ni. Allah Ya haɗa ka da abokan aiki masu lura da hannun ɗan'uwansu. Allah Ya kai ka lafiya kullum, Ya fito da kai lafiya, Ya dawo min da kai yadda ka tafi. Allah Ya jiƙan Babanka, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka kasa ganewa.

Fallen da ya je yi, Malam Bukar ya ajiye shi, na karɓo na kawo gida a cikin buhu. Ya ce zai ƙarasa min cikin minti kaɗan, na ce ya bari, ban san dalili ba. Injin na sa an rufe shi da kwaɗo, ba a gyara makullin ba tukuna. Katangar bayan ɗakina ta zube daga sama, ga damina tana tafe. Indararon yana ƙarƙashin gadona, gefe ɗaya a lanƙwashe, ɗayan a miƙe da layin Babanka a jiki. Har yanzu ba a ɗora shi ba.